Yadda na daina jiran ɗan sari: tsarin zubin wata na ƙwai da kifi ta WhatsApp



Duk wanda yake da kajin ƙwai a farkon shekarar 2023 ba sai na tuna masa abin da ya faru ba. Lokacin canjin kuɗi ne, takardar naira ta ɓace daga hannun mutane, mai shayi ba ya ciniki, mai shago ya daina sari. Su kuwa kaji babu ruwansu da Babban Banki, kullum sai sun ci, kullum sai sun yi ƙwai. A lokacin ina da leyas 300 a bayan gari, ta wajen Kumbotso. Cikin mako biyu na tara kiret sama da 100 a ɗaki, ina kallonsu suna kallona, ga zafi ya fara shigowa. Ɗan sarin da muka shekara biyu muna hulɗa na kira shi ya fi sau goma. Ranar da ya ga dama ya zo, ya taya a farashin da ko kuɗin abinci bai fitar ba, kuma ya ce sai ya sayar zai kawo kuɗin. Na ba shi. To me zan yi? Ƙwai ba masara ba ce da za ka ɗinke a buhu ka jira kasuwa ta tashi.

A duk wannan rikicin kiret ɗaya ne a mako ban taɓa tunanin inda zan kai shi ba. Akwai wata Hajiya, malamar makaranta ce, maƙwabciyar yayata. Tun kafin canjin kuɗi ta tsiro da wata ɗabi'a: da zarar albashi ya shigo sai ta turo min kuɗin kiret huɗu, ta ce in riƙa kai mata ɗaya duk Juma'a. Da na tambaye ta dalili sai ta ce, "Malam, in ban biya tun farkon wata ba kuɗin narkewa yake yi a hannuna, yara su tashi ba na karin kumallo." Ita ta transfa take biya, don haka ƙarancin takardar kuɗi bai taɓa cinikinmu ba. Ranar da ɗan sari ya kwashe min kaya a wulaƙance na zauna na yi lissafi, na ce da ina da irin Hajiya guda arba'in, da wannan mutumin bai isa ya yi min haka ba.

Daga nan na fara abin da nake kira zubin wata. Ba wani sabon abu ba ne a wajenmu. Haka mai nono take da gidajen da take kai wa kullum, haka muke biyan kuɗin Startimes kafin mu kalla, haka mata suke zubin adashi. Kwastoma zai biya kuɗin wata guda tun farko, kai kuma ka ɗauki alƙawarin kai masa adadi kaza a rana kaza, duk mako, ba sai ya kira ba. Waya ita ce shagon: a nan za a gan ka, a nan za a yi rajista, a nan kuɗi zai shigo.

Me ya sa tsarin ya dace da mai kaji? Ka duba lissafin abinci. Kaza ɗaya mai ƙwai tana cin gram 110 zuwa 120 a rana. Kaji 300 kenan suna cin kusan kilo 35, buhu ɗaya mai kilo 25 da kusan rabin wani, kullum. A wata ka haura buhu 40. Wannan kuɗin ba ya jira, kuma ba ya sanin ranar da kasuwa ta mutu. In kuɗin kwastomomi ya shigo maka a dunƙule a makon farko na wata, za ka sayi abinci da yawa lokaci guda, ka tsira daga ƙarin farashin tsakiyar wata, ka kuma daina zuwa wajen mai abinci kana sunkuyar da kai kana neman bashi. Sannan ratar da ke tsakanin farashin sari da farashin shago, wadda a da ɗan sari da mai shago suke rabawa, wani kaso nata ya dawo aljihunka.

Amma in faɗa muku gaskiya, ba wannan ne ya sa na yi rubutun nan ba. Daɗin tsarin kowa zai iya hango shi. Abin da ba a hangowa shi ne kuɗin nan da ya shigo ba naka ba ne tukuna. Bashi ne ka ci, da ƙwai za ka biya. Ni sai da na ƙone hannu kafin na gane.

A watan Fabrairun 2024 ina da wani sahun kaji, su ma 300, suna kan ganiyarsu. Ina kwasar ƙwai 255 zuwa 260 a rana, kiret takwas da rabi, kusan kiret 60 a mako. Mutane suna ta shigowa, kowa ya kawo ɗan uwansa, ni kuma ban iya cewa a'a ba. Kafin in ankara na ɗauki alƙawarin kiret 55 a mako. Kuɗin watan Maris ya shigo, na ga akawun ya cika, sai na ɗebi kaso mai tsoka na biya kuɗin 'yan tsaki da gyaran wani ɗaki. A raina ai riba ce.

Azumin shekarar ya faɗo a Maris zuwa Afrilu, daidai lokacin da zafin Kano yake fara nuna halinsa. Wanda ya yi kiwo ya sani, kaza in ta ji zafi rage cin abinci take yi, ta koma shan ruwa da haki. Ƙwai ya ragu, ya ƙanƙance, ɓawonsa ya yi laushi yana fashewa a hannu. Daga kiret 60 na sauko 45, in aka cire fasassu da ƙanana da masu datti bai fi 42 da zan iya kai wa mutum gidansa ba. Ga azumi, kowane gida yana son ƙari saboda buɗa-baki. Kiret 13 nake nema duk mako, kuma kuɗinsu na riga na kashe. Dole na riƙa saye a wata gona a farashin da ya fi wanda na karɓa, ina cikawa. Asarar kuɗin ba ta dame ni ba kamar abin da ya biyo baya. Ƙwan da na sayo ashe ya kwana biyu a ajiye. Ana saura minti kaɗan a sha ruwa wata baiwar Allah ta turo min hoto, ta fasa ƙwai cikin kwanon da ta riga ta fasa guda biyar, ya fito ruɓaɓɓe. Ba ta zage ni ba. Abin da ta rubuta kawai, "Alhaji, na ɗauka daga gonarka kake kawo mana." Wata na ƙarewa ba ta sabunta ba, ita da gidaje uku da ta kawo min.

Tun daga ranar na kafa wa kaina doka. Ba na ɗaukar alƙawari da lissafin mako mai kyau, da lissafin mako mafi muni nake ɗauka. In kajina suna ba da kiret 60 a lokacin sanyi, zubi ba ya wuce 38 zuwa 40, wato kashi biyu cikin uku. Ragowar in sayar wa mai shayi, mai shago, ko ɗan sarin ma, hannu da hannu. In zafi ya zo, ko kaji suka yi 'yar mura, ko aka canja musu abinci suka yi yaji na kwana huɗu, ragowar ce take raguwa, masu zubi ba sa ma sanin an yi. Kai mai kaji 50 ma lissafin ɗaya ne. In kana samun ƙwai 40 a rana, 280 kenan a mako, kiret tara da 'yan kai tunda kiret 30 ne. Kada ka wuce alƙawarin kiret shida. Gida shida masu kiret ɗaya, ko gida goma sha biyu masu rabin kiret. Kada ka raina, da haka ake farawa, kuma gida shida da suka yarda da kai sun fi mabiya dubu biyar a Facebook da ba su taɓa sayen ko ƙwai ɗaya ba.

Doka ta biyu, kuɗin zubi akawun ɗinsa daban. Yanzu buɗe akawun a waya ba wuya, ko Opay ko Moniepoint ko bankin da ka saba. Abin da ake cira daga ciki abinci ne da magani da kuɗin kai kaya. Riba sai ƙarshen wata, bayan na sauke kiret na ƙarshe, sannan in ga abin da ya rage in kira shi nawa. In kuma ta kama dole in cika da ƙwan wata gona, ina faɗa wa mutane tun kafin in kai, wanda ya ce zai jira in ɗaga masa zuwa mako na gaba.

Akwai kuma abin da masu farawa ba sa sa wa a lissafi: kaji tsufa suke yi. Leyas tana fara ƙwai a mako na 18 zuwa 20, ta hau ganiya, daga nan ta riƙa sauka a hankali har ranar da ƙwanta ba zai biya abincinta ba, ka sayar. In sahu ɗaya gare ka, ranar da ka sayar da tsofaffi ka zuba 'yan tsaki, wata biyar za ka yi ba ƙwai. Kwastoman zubi ba zai jira ka wata biyar ba, wani zai samu. Saboda haka gara kaji 150 sahu biyu da tazarar wata shida zuwa takwas a tsakaninsu, da 300 sahu ɗaya. In ba ka da ɗaki biyu, to ka faɗa wa mutane tun farko cewa zubinka na wata kaza ne, ko ka haɗa kai da wani mai kiwo da ka san tsaftarsa da abincin da yake bayarwa, ku riƙa rufa wa juna asiri.

To ina ake samun mutanen? Yawanci suna cikin wayarka yanzu haka. Ni ban biya kuɗin talla ko sisi ba a shekarar farko. Na sauke WhatsApp Business, kyauta ne, na sa sunan gona da hoton ƙwai na gaske, ba wanda aka ɗauko a intanet ba. A katalog na sa abu uku kacal: rabin kiret duk mako, kiret ɗaya duk mako, kiret ɗaya duk mako biyu. In zaɓi ya yi yawa mutum ruɗewa yake yi ya ce zai dawo, kuma ba zai dawo ba. Sai sitatus, kullum da safe ɗan bidiyo na sakan goma sha biyar ana kwasar ƙwai, ko ana wanke mazubin ruwa, ko ana jera kiret a adaidaita sahu. Mutum ya kalli wannan na mako biyu, ya ga kullum kana nan, shi da kansa zai tambaya.

Wanda ya fi dacewa da tsarin shi ne mai albashi mai yara: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, ma'aikatan banki, matan da suke fita aiki ba su da lokacin zuwa kasuwa. Kuma mafi yawan masu yanke shawarar mata ne, ko da maigida ne zai tura kuɗin. Shi ya sa uwargidana ce take riƙe da wayar gona yanzu, ta fi ni iya magana da su, kuma ita tana shiga guruf ɗin mata na unguwa da na islamiyya da na iyayen yara, inda ni ba ni da hanyar shiga. Mutum ɗaya a ofis ko makaranta in ya gamsu, zai jawo maka biyar, kuma wuri ɗaya za ka sauke musu.

Guruf na kwastomomi kuwa, na gwada na rufe. Mutum ɗaya ya yi ƙorafin ƙwai biyu sun fashe, sai kowa ya tuna nasa na wata uku da suka wuce. Wani ya turo wa'azi, wani siyasa, wata ta fara tallan atamfa. Ga lambobin matan mutane a fili kowa yana gani, wanda wannan kaɗai ya isa ya jawo maka magana. Na koma burodkas, wato ka tura saƙo ɗaya ya shiga wa kowa shi kaɗai kamar kai da shi kuke magana. Jeri ɗaya yana ɗaukar mutum 256, ya ishi ƙaramar gona har ya yi yawa. Sai dai ka lura, wanda bai ajiye lambarka a wayarsa ba saƙon ba zai same shi ba, don haka ranar rajista ka tabbatar ya ajiye. Facebook da Instagram da TikTok na jawo baƙi ne, amma duk wanda ya yi magana can ina jawo shi WhatsApp, a nan ake ƙulla ciniki.

Saƙonnin da nake turawa ba su da yawa. Ranar 25 ga wata tunatarwa da farashin wata mai zuwa. Daren da za a kai kaya, "gobe in sha Allahu ƙwanku zai iso tsakanin tara da sha biyu." In an sauke, yaro ya ɗauki hoto ya turo. Shi ke nan. Mutum ya ba ka lambarsa don ƙwai, kada ka cika masa waya da barka da Juma'a.

Maganar farashi ita ce ta fi ba ni wahala, musamman daga tsakiyar 2023 zuwa 2024 da masara da waken suya suka yi ta hawa, buhun abinci yana canja kuɗi kusan duk mako. Da farko na karɓi zubin wata uku a farashi ɗaya don kuɗin ya yi auki, kafin wata na biyu ya ƙare ina sayarwa ƙasa da abin da na kashe. Yanzu wata ɗaya ne kawai. Farashin da ka biya a kai shi ne naka har wata ya ƙare, ko kasuwa ta tashi ko ta faɗi. In zan ƙara, a saƙon ranar 25 nake faɗa, tare da dalili, wani lokacin har da hoton rasit na abinci. Kuma in kasuwa ta sauka ina saukewa. Wannan na biyun shi ne da wuya a zuciya, amma kwastoma yana zuwa shago, ya san kuɗin ƙwai, ranar da ya ga kana hawa ba ka sauka ya gama da kai. Inda nake tsayar da farashi shi ne tsakanin sari da shago. Misali a ce sari 4,500 ne, shago 5,200, ni zan tsaya wajen 4,900 ko 5,000 har da kaiwa. Kada ka karya farashi sosai don jawo mutane. Wanda araha ta kawo, araha ce za ta ɗauke shi.

Bashi kuwa babu. Na san da nauyi, musamman ga dangi da abokai. "Kawo kawai, in an yi albashi zan turo." In ka yarda da wannan sau ɗaya, ka koma gidan jiya, sai dai maimakon ɗan sari ɗaya ya riƙe maka kuɗi yanzu mutum ashirin ne, kuma kowanne kana jin kunyar tambayarsa. Wanda bai yarda ya biya wata guda ba saboda bai san ka ba, da gaskiyarsa, sai ka ce ya gwada mako ɗaya, ya biya in an kawo. In ya ji daɗi ya shiga zubi. Kawuna da kansa sai da na ce masa, "Kawu, wanda zan ba ka kyauta daban, zan kawo da hannuna. Amma na littafi sai an biya." Ya yi dariya ya ce yaran zamani, ya kuma biya.

Sannan kada ka yarda da hoton transfa. Ana haɗa na ƙarya, har saƙon alat na ƙarya ana turawa. Buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin ya zauna sannan ka rubuta. Ina da littafi mai layi-layi, kowane kwastoma da layinsa: unguwa, abin da ya biya, ranar da ya biya, da gida huɗu ko biyar na makonni da ake sa alama in an kai. Wata mai Juma'a biyar yana zuwa, ka yanke tun farko ko zubinka na mako huɗu ne ko na wata, in ba haka ba kiret guda za ka riƙa bayarwa kyauta ba ka sani ba. Ni na mako huɗu nake yi. Wanda zai yi tafiya, hutun makaranta ko Umara ko haihuwa a gida, in ya faɗa kwana biyu kafin ranar, ina ɗaga masa kiret ɗinsa zuwa gaba, ba ya asara.

Kai kaya shi ne inda riba take zubewa ba a ji. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kiret ɗaya in ka ce za ka kai shi shi kaɗai wata unguwa mai nisa, kuɗin hanya ya cinye ribarsa har ya taɓa uwar kuɗi. Don haka unguwa nake sayarwa, ba mutum ba. Talata Sharaɗa da Gandun Albasa da Zoo Road. Juma'a da safe Ɗorayi da Kabuga da Rijiyar Zaki. Mai adaidaita sahu ɗaya muka yi yarjejeniya da shi, ya san gidajen, ya san ramukan hanya, ya san ba a gudu da ƙwai. Wani bawan Allah daga can Dakata ya yi ta roƙo in sa shi, na ce ya samo gida biyar a kusa da shi in buɗe musu rana, ko ya riƙa karɓa a shagon wani abokina da yake kan hanyarsa ta aiki. Ya zaɓi shagon. Ƙwan da ya fashe a hanya nawa ne, ina sa wa direba rabin kiret na ko-ta-kwana ya canja nan take. Kiret ɗin kuma musaya muke yi, a kawo cikakke a karɓi na makon jiya, don shi ma kuɗi ne.

Ƙwan da zai je gidan mai zubi bai wuce kwana biyu ko uku da kwasowa. Ba na wanke shi da ruwa, wankewa tana cire rigar da ke kare ɓawon, mai datti sosai a ware shi. A jera shi tsinin yana ƙasa. In kuma kaji suna kan maganin da aka rubuta a jikinsa cewa kada a ci ƙwai sai bayan kwana kaza, to a kiyaye. Yaran mutane ne za su ci, kuma sun biya ka ne don sun yarda da kai.

Masu kifi, ku ma tsarin yana yi muku, amma da gyara. Tarwaɗa ba kamar kaza ba ce da take ba ka kaya kullum. Wata huɗu zuwa shida kana zuba abinci kafin ta kai kilo ɗaya, sannan duka su iso lokaci guda, shi ya sa masu saye suke zuwa da sikelinsu su yanka maka farashin da suka so, sun san in ka ƙi abinci za ka ci gaba da saye. Maganin shi ne kada ka zuba tankunanka rana ɗaya. Ni tanki uku gare ni na tamfol, ina zuba jubenail da tazarar wata biyu. In tanki ya isa, sai in riƙa tsamo manya duk mako biyu ina bai wa masu zubi, ƙananan su samu sarari su taso, kafin ya ƙare na bayansa ya iso. Ka sani dai kifin da ya isa sayarwa kana riƙe da shi yana ci, kuma girman da yake ƙarawa ba ya biyan abincin kamar da, don haka kada ka ja tanki ɗaya ya wuce wata biyu.

Ɗanyen kifi yana da wahalar kaiwa, ga ruwa ga nauyi, kuma mata da yawa ba sa son aikin kashe tarwaɗa da wanke yauƙinta. Da na fara kaiwa a gyare, an yanka an wanke, sai masu so suka ƙaru. Amma wanda ya fi zama lafiya da zubi shi ne banda. Yana ajiyuwa, ba nauyi, kuma a tafiya ɗaya ake kai shi da ƙwai, kuɗin hanya bai ƙaru ba. Ka dai yi lissafinka da kyau, kilo uku zuwa huɗu na ɗanye ne suke ba da kilo ɗaya in ya bushe sosai, ga itace ko gawayi, ga ladan mai yi. Na ga masu sa farashin banda da ka, suna murna kaya yana tafiya, ashe uwar kuɗi suke ci. In kuma ka kai matsayin ɗaurewa a leda da suna kana kaiwa manyan shaguna, wannan sai ka nemi rajistar NAFDAC.

Buroila ban cika matsa wa a zubi ba. Mako shida zuwa takwas take isa, sai ka riƙa zuba sahu duk mako biyu kafin ka iya alƙawarin kaza duk mako, ga matsalar wutar firiza. Abin da nake yi kawai shi ne in Sallah ta gabato in buɗe rajista ga masu zubin ƙwai, su ba da rabin kuɗi, in zuba daidai adadin da aka nema da ɗan ƙari saboda mutuwa.

Wani zai ce me zai hana in samu mai gidan burodi ko otal ɗaya ya kwashe duka in huta da yawon gidaje? Za ka iya, kuma ina da mai shayi biyu da nake ba su kullum. Amma babban kwastoma ɗaya ɗan sari ne da ya canja riga. Ranar da ya samu mai sauƙin naira hamsin, ko ya ce kuɗi sai wani mako, ka dawo ɗaki cike da kiret. Gida arba'in kuwa ba sa tashi rana ɗaya. Duk wata biyu ko uku suna fita, wani ya tashi daga unguwa, wani albashi ya makale, wani haka kawai. Biyu ko uku kuma suna shigowa.

Aikin yana da yawa, kada in ɓoye muku. Amsa saƙo da dare, rubuta littafi, haƙuri da wanda zai ce ƙwan wannan makon bai kai na wancan girma ba. Wanda ba ya son magana da mutane, ko ba ya zama a gonarsa sai yara, gara ya tsaya a sari.

Yanzu haka gida 43 ne a littafina, kiret 39 a mako, da gida 14 masu karɓar banda sau biyu a wata. Akwai mutum tara da suke jira, na rubuta sunayensu a shafin baya na ce su yi haƙuri. Sabon sahun kajina yana mako na 14. Ba zan kira kowa a cikinsu ba sai kajin sun fara, ƙwan ya daina fitowa ƙanana, na ƙirga na mako uku a jere na ga abin da suke bayarwa. Hajiya malamar makaranta tana nan, layinta ne na farko a littafin, ta koma kiret biyu tun da aka kawo mata jikoki.